Rufin Ɗakin Dassin

Ranar Juma'a ce, tsakiyar watan Agusta, shekara uku bayan rufe ramin haƙar uraniyom na Akokan. Ɗana Yakubu ya tashi tun ladanin masallacin bayan gidanmu bai kira asuba ba, domin a lokacin ne famfo yake kawo ruwa, in ya ga dama. Ina kwance ina jin shi yana jan bidon, jarkokin ruwanmu, a tsakar gida. Bai gama cika na ƙarshe ba ruwan ya ɗauke.

Wajen ƙarfe shida muka yi addu'ar safe mu uku, ni da shi da mahaifinsa Kalilu. Ya yi hamma ana tsakiyar karatu. Mahaifinsa ya dube shi ta saman tabarau, ya ci gaba. Ƙarfe bakwai Yakubu ya sha kunu a tsaye, hular kwano a hammata.

"Zauna mana," na ce. "Kunun ba gudu zai yi ba."

"Madam, an kaɗa ƙararrawa. In na makara mushe Illi zai sa ni durƙuso."

Haka yake tsokanata. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a kolej, shi kuwa tun da ya bar lakwal, wato makaranta, bai daina yi mini ba'a da ita ba. Illi ba mushe ba ne, ba ya koyarwa a aji. Abokin sana'arsa ne, mutumin Tawa, tare suke da rumfar walda a bayan kasuwar Arlit.

Sauran safiyar daga bakin Illi na ji ta. Da hantsi suka gyara ƙafar amalanken wani mai sayar da ruwa. Wajen goma wuta ta ɗauke, suka dafa shayi. Da ta dawo suka haɗa rabin ƙofa. Da azahar Illi da maƙwabtan rumfa suka tafi masallacin Juma'a, suka bar masa kayansu kamar kullum. Shi kaɗai ne Kirista a layin, don haka gadin Juma'a ya zama nasa ba tare da an tambaye shi ba. Yakan ce musu rabin ladan sallar nasa ne, su tuna da shi.

Wajen ƙarfe uku ya hau moto, babur ɗinsa, ya tafi unguwar Bukoki, gidan Dassin. Tsohuwa ce, Ba'abziniya. Mijinta Ahmudu ya yi gadi a ƙofar kamfanin ma'adinin har ya rasu, ya bar mata fili da ɗakin ƙasa guda da awaki. An ɗan yi ruwa ranar Laraba, ta aiko cewa ɗakin ya yi yoyo. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi, da Hausarta da kowa "ka" take ce masa.

"Amarya, an ce ɗakinmu ya zubar," in ji shi daga bakin ƙofa.

"Wane irin miji ne kai? Ruwa ya shigo, ni kaɗai na zauna da kwano a kai. Na sake ka."

"Mace ba ta saki."

"A wurinmu mace ne mai ɗaki. Kwashe takalminka."

Ya zauna ya sha shayinta. Sannan ta gaya masa abin da ke damunta. Ɗanta Amumun, direba ne a Agadas, ya kira ta a waya. Ya ce muddin ɗakin nan ya sake zubarwa zai zo ya ɗauke ta, a sayar da filin. Ita kuwa a Arlit mijinta yake kwance, a nan awakinta da maƙwabtanta suke.

"Gobe da safe za mu zo mu ƙara masa yaɓe," Yakubu ya ce. "Ba inda za ki."

Ya dawo gida da la'asar, hadari na biye da shi daga gabas. Ya shiga kangon ɗakinsa, wanda ya gina a kusurwar gidanmu, bangon ya kai amma ba a rufa ba. A ciki yake tara tol, wato kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da aiki ya ɗan yi auki, tare da ƙarafan rufi da ya haɗa da hannunsa. Ya ɗaga su ya ɗora bisa birgi, tubalan gini, don kada ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsu. Bai fito ba aka kece da ruwa.

Ban taɓa ganin irinsa a garin nan ba. Har magariba bai tsaya ba. Kalilu ya tsaya bakin ƙofa, ya miƙa hannu yana taren ruwan.

"Yau kam kamar Tsibiri," ya ce. Garinsu ke nan, kusa da Maraɗi.

Yakubu ya tuɓe riga ya hau sama ya buɗe indararo. Ya sauko yana rawar sanyi yana dariya. Muka ci shinkafa da wake, ya yi ƙorafi yaji ya yi kaɗan. Shi da mahaifinsa suka yi gardama ko lakar da aka kwaɓa tun Alhamis a ƙofar Dassin za ta yi amfani bayan wannan ruwa. Ya ce mana sai da safe, ya shiga.

Shi ne ɗana na fari. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba. Na yi jami'a a Yamai, na karanta abin da na karanta, amma wannan kunyar ban ajiye ta ba. "Mai ƙarfe" nake ce masa, mahaifinsa kuma nakan ce masa Baban Baraka, da sunan ƙanwarsa. A takarda ne kawai nake iya sa sunan, shi ya sa nake rubutawa.

An haife shi a likita, wato asibitin kamfani, lokacin da Akokan take da fitilu a kan titi da itatuwa a ƙofar gidajen ma'aikata. Kalilu yana shiga rami, ni ina aji. Yakubu bai so karatu ba. Ya zauna jarrabawar ƙarshen kolej sau biyu, bai samu ba, kuma kowa ya san ɗan wace ce. Abin ya dame ni fiye da yadda ya dame shi. Shi ƙarfe yake so. Tun yana ƙarami yake tsinto waya da gwangwani. Ya koyi walda, ya samu aiki wurin wani ɗan kwangila da ke yi wa kamfani gyare-gyare. Da aka rufe rami aikin ya ƙare, nasa da na mahaifinsa a wata ɗaya.

Sa'o'insa suka watse, wasu wajen haƙar zinariya, wasu Aljeriya. Baraka ta yi aure a Maraɗi, ta yi ta kiransa ya koma can. Na ce masa ya tafi in yana so.

"In na tafi wa zai ja muku bidon?" ya ce.

Ba waliyyi ba ne. Yana da saurin fushi, yana makara, in wa'azi ya yi tsawo yakan sulale ya zauna a waje. Muryarsa ba ta waƙa ba ce, kuma bai yarda da haka ba. Ya ce zai yi aure in ya rufe ɗakinsa. Ban san ko akwai yarinyar ba. Ba wadda ta zo ta nuna kanta daga baya, ni ma ban bincika ba.

Majami'armu ƙarama ce. Waɗanda suka kafa ta kusan duk mutanen ƙasar Maraɗi ne da aikin ma'adini ya kawo. Tun Yakubu yana goye suka fara fita ranar Asabar suna gyara wa gwauraye da tsofaffi gidaje, a Bukoki da sauran unguwannin da kamfani bai gina ba. Akasarin masu gidajen Musulmi ne, domin su ne mutanen gari. Aka sa musu suna ƴan Asabar. Suna ɗaga katangar da ta faɗi, suna sa ƙyaure, suna haƙa masai. Amma babban aikinsu shi ne yaɓe. Kowace shekara kafin damina sukan kwaɓa ƙasa da harawa da kashin awaki, su hau rufin kowane ɗaki su shafe shi, kamar yadda iyayensu suke yi a gida. Aiki ne da ba ya buƙatar sayen komai, sai ƙarfi da ruwa. Masu gidaje suna so, domin ɗaki mai kaurin rufi ya fi sanyi. Ɗakin Dassin yana cikin na farko da suka fara yi wa, kuma ba shekarar da suka tsallake shi.

Yakubu bai shiga don ibada ba. Ciwon baya ne ya kama mahaifinsa, ya zama dole wani ya ɗaukar masa shebur. Daga ɗaukar shebur ya zama shi ne mai hawa sama. Bayan rufe rami majami'a ta rage, ƴan Asabar suka koma ba su cika yatsun hannu biyu ba, yawanci masu furfura. Wani lokaci Illi yakan bi shi, ya ce shi dai shayi ya kawo shi.

Ranar Asabar gari ya waye tas. Yakubu ya riga kowa zuwa Bukoki saboda yana da moto. Ya tarar da Dassin a ɗaki tana hura gawayi. Rufin ɗakin tsofaffin bututun ƙarfe ne da itacen goriba, an shimfiɗa tabarmi a kai, sannan ƙasa. Ta ce yana dariya ya shigo, da ya ɗaga kai ya duba sai dariyarsa ta tsaya. Tabarmar ta yi ciki, bututun tsakiya ya lanƙwashe.

"Amarya, taso mu sha iska."

"Shayi bai nuna ba."

"Taho da shi. Yau a waje za a yi bikin."

Ya kamo hannunta ya fito da ita, ya zaunar da ita wajen awaki. Ta ce masa in ɗakin nan ya faɗi shi ke nan, Amumun ya samu abin da yake so. Ya ce ba zai faɗi ba. Ya ciro ginshiƙi ɗaya daga rumfar awaki, ya ce zai tokare bututun kafin sauran su iso. Ya shiga da shi. Dassin ta ce ba ta ji wata babbar ƙara ba. Kamar an sauke buhu ne daga mota, sai ƙura ta fito ta ƙofa.

Maƙwabta suka haƙa da hannu da kwanoni. Kalilu da sauran suka iso ana cikin haka. A likita aka ce tun a wurin ya cika. Ina gida ina shanya littattafan da danshi ya taɓa sai na ga Illi a ƙofa. Ya tuɓe takalmansa kafin ya shigo tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Ban bari ya yi magana ba sai da na kife littafin da ke hannuna.

Mutane sun zo gaisuwa, har limamin masallacin bayanmu da dukan layin rumfar. Bayan an tashi daga zaman makoki na ce wa Kalilu ina so in ga wurin. Muka je. Kusurwa ɗaya ta rufin ba ta faɗi ba, ta karye ta bar bakinta a fili. Kaurin ƙasar ya wuce kamu guda. Kuma ba dunƙule take ba, hawa-hawa ce, wata ja, wata fara-fara, wata da harawa da yawa, wata kusan babu. Irin zanen da nake yi wa ɗalibai a allo in ina koyar da yadda duwatsu suke kwanciya.

Kalilu ya sa yatsa a kan wata ja can ƙasa.

"Wannan daga bakin ƙorama muka ɗebo ta, shekarar da aka haifi Baraka," ya ce. Ya hau da yatsan a hankali har sama.

"A gida, ruwa ke cinye ta bara kafin a sa ta bana," ya ce. "Nan ba abin da ya ci ta."

Abin ke nan. A Tsibiri damina tana wanke yaɓe, shi ya sa ake sabunta shi. A Arlit shekara takan wuce ruwa bai jiƙa ƙasa ba. Duk abin da suka shafa yana nan inda suka bar shi, bana a kan bara. Busasshe, bututun ya iya ɗauka. Da ya sha ruwan yini guda, bai iya ba.

Fasto da dattawa suka dakatar da fitar Asabar. Ba wanda ya zargi kowa. Kalilu ya daina fita ko'ina, sai majami'a ranar Lahadi, ya zauna a baya. Na koma aji da aka buɗe lakwal. Ina tashi da asuba ina jan bidon.

Dassin ta koma kwana a rumfar tabarma a tsakar gidanta. Amumun ya zo mana gaisuwa, mutum mai natsuwa, ya durƙusa har ƙasa. Ya ce ba zai bar mahaifiyarsa a waje cikin sanyin Arlit ba. Da zarar sanyi ya shigo zai dawo ya ɗauke ta. Ban ga laifinsa ba.

Wata rana da la'asar ta zo da kanta, a bayan kabu-kabu, da cuku ƙunshe a gefen mayafi. Ta ajiye a gabana, ta zauna a ƙasa, ta ƙi hawa tabarma.

"Uwar Yakuba, ni ya kamata ya faɗa ma."

"Kada ki faɗi haka, Inna."

"Na faɗi. Ni tsoho ne, ya ishe ni." Ta gyara mayafi. "Na zo in yi maka sallama. Zan bi Amumun."

"Kina so?"

"Wa ya tambayi so? Ɗakin ya ci mutum. Da wane ido zan ce a gyara?"

Daga inda muke ana ganin kangon, da tol ɗin a jingine bisa birgi yadda ya bar su. Ba ta duba wajen ba. Ni na duba.

Da ta tafi na sami Kalilu a ɗaki.

"Baban Baraka, tol ɗin nan."

"Ki bar su."

"Tsatsa za su yi."

"Su yi."

"Ya ce mata ba inda za ta. Don haka ya shiga."

Ya juya fuska ga bango. Na bar shi. Na sake tayar da maganar bayan mako guda, ya tashi ya fita tsakar gida. Iska ta fara sanyi da safe. Na kira Illi na tambaye shi ko ƙarafan za su kai faɗin ɗakin Dassin. Ya je ya gwada, ya ce za su kai in an ƙara wa biyu tsawo, kuma bangon bai tsage ba sai ta gefe ɗaya. Na ce ya zo da mai amalanke ranar Asabar.

Suna cikin ɗora tol na farko Kalilu ya fito. Na ɗauka hanawa zai yi. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce wa Illi ba haka ake ɗaure su ba, za su yanke wa jaki gindi. Ya karɓi igiyar ya ɗaure da kansa. Da ya gama ya ce:

"Akwai sauran ɗakunan. Duk wanda muka taɓa shafawa sai an sauke."

Haka ƴan Asabar suka koma aiki, wannan karon don kankare abin da suka yi shekaru suna ɗorawa. Aikin ba daɗi. Ƙasar ta yi tauri kamar siminti, masu yin kuma tsofaffi ne. Wasu masu gidajen sun ƙi. Wata tsohuwa ta tsaya a ƙofa da muciya ta ce, "Kun ba ni, yanzu kun zo ku kwashe? Ashe aro ne?" Sai da Dassin ta je ta yi mata magana da yarensu. Har yanzu ba a gama ba. Kalilu yakan dawo ya kwanta rub da ciki, in shafa masa man zafi a baya.

An rufe ɗakin Dassin kafin sanyi ya kankama. Illi ya yi waldar, bai karɓi ko shayi ba ranar. Amumun ya zo kamar yadda ya ce. Ya shiga ɗakin, ya ɗaga kai, ya girgiza ƙarfe ɗaya da hannu. Ya kwana biyu, ya koma Agadas shi kaɗai. Da bazara ta zo Dassin ta aiko a gaya mini ɗakin ya zama tanda, mijin nan nata ko a rufi bai iya zaɓe ba. Da rana tana zama a rumfar awaki. Tana nan dai.

Sauran kayansa ba su da yawa. Injin walda yana rumfa wurin Illi, can ya fi amfani. Moton ma shi muka ba, da sharaɗin ya riƙa kai wa ƴan Asabar ruwa. Tufafin na raba wa masu dakon kaya a kasuwa, ban da rigar da ya tuɓe ranar ruwa, Baraka ta ce a aika mata da ita tare da Littafinsa mai Tsarki. Hular kwano mai amalanke ya roƙa, ban san me zai yi da ita ba, na ba shi. Shebur ya koma hannun mai shi. Kangon yana nan a buɗe, a ciki nake jera bidon. Takalman aikinsa, da aka kawo mini daga likita a leda, na wanke lakar na ajiye su a bakin ƙofar kangon. Da na ga rana ta fara fasa fatar, na shigo da su ɗaki.